Bugu Uku Da Shiru Ɗaya

A wani dare cikin shekarar 2019 ina kwance a falo ina kallon fim ɗin Bohemian Rhapsody a waya. Wani abokin aikina ne ya tura mani, ya ce in kalla in ga yadda Turawa ke yi wa mawaƙansu fim na tarihi, mu kuwa ga su Shata da Ɗan Maraya mun bar su a kaset kawai. Fim ne a kan ƙungiyar mawaƙan Ingila da ake kira Queen, ya fito a 2018, kuma jarumin, Rami Malek, har kyautar Oscar ya ci saboda shi. Ni dai gaskiya barci ma nake ji. Sai aka zo wani waje inda 'yan ƙungiyar ke cacar baki a ɗakin ɗaukar waƙa, kowa ya ɗauki zafi, shi kuwa mai jitar bes ɗinsu ya ƙyale su ya fara bugun abinsa. Dum. Dum. Dum. Wallahi ban san lokacin da na tashi zaune ba. Da na duba, sai na ga yatsuna biyu na hannun dama suna motsi a kan cinyata su kaɗai, hannun hagu kuma ya lanƙwashe kamar na riƙe wuyan wani abu.

Maiɗakina ta ce, "Malam, lafiya?"

Na ce lafiya lau, na tuna gida ne. Ta yi mani wani irin kallo, don ta san ba a Landan aka haife ni ba.

A Makera aka haife ni, Kaduna ta kudu, ƙetaren gada. Wanda bai san Makera da Kakuri a wancan zamani ba, da wuya ya gane abin da ake nufi idan an ce Kaduna garin masaƙu ce. Tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL, daga baya ga Arewa, ga Nortex, ga UNTL, ga kuma kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya soma aiki a 1975. Mu yara ba ma bukatar agogo, jiniyar masaƙa ce ke gaya mana lokaci. Idan an tashi daga aiki sai ka ga kekuna sun cika titi maƙil, auduga ta manne wa mutane a gashin kai da gira kamar furfura. Gidan da na girma gidan haya ne irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. A cikinsa akwai Bahaushe, akwai Bayarabe, akwai Nufawa, akwai mutanen Binuwai da na kudancin Kaduna, kuma Hausa ce ke haɗa kowa. Ranar Sallah tuwo da nama su zagaya kowane ɗaki, ranar Kirsimeti shinkafa ta zagayo, har a kira mahaifina ya yanka masu kaji don kowa ya iya ci.

Ɗaki na ƙarshe daga hagu, nan wani dattijo yake da iyalinsa. Mutumin kudancin Kaduna ne, yana aiki a sashen saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun, mu kuma Baba Bes muke ce masa, har manya suka ɗauka. Baƙi ne siriri, ba ya yawan magana, kuma idan za ka yi masa magana sai ka ɗaga murya, domin ƙarar injin saƙa ta riga ta ci masa kunne ɗaya. Ran Lahadi yana buga wa cocinsu jita. Amma da ƙuruciyarsa, a shekarun 1970 zuwa na 1980, makaɗin kulob ne, lokacin da Kaduna ke da ƙungiyoyin kiɗan zamani na gaske, lokacin su Bala Miller a Costain Club, da Bongos Ikwue da ƙungiyarsa ta Groovies. Shi bai taɓa cewa ya yi kiɗa da waɗannan manya ba. Ya ce su ƙananan 'yan amshi ne, masu buga waƙoƙin da ake yayi a rediyo don ma'aikata su taka ranar da aka yi albashi. Yana da kwali guda na faifai a ƙarƙashin gado, har da na Ofege da na Wrinkars Experience, samarin da suka yi kiɗan rok a Nijeriya bayan yaƙin basasa.

Ita jitar bes, ga mai karatu da bai taɓa riƙe ta ba, ta fi jitar da aka saba gani tsawon wuya da nauyi, kuma tsirkiyarta huɗu ce kacal, masu kauri kamar wayar birkin keke. Ba ta da zaƙin murya. Ita ce wannan gurnanin da kake ji a ƙirjinka idan mota ta wuce da kiɗa, kafin ka ji waƙar kanta. Mutane da yawa ba su san tana cikin waƙa ba sai an cire ta, a nan ne za su ce yau kiɗan ba armashi, kamar miya ba daddawa.

A 1996, ina aji biyar na sakandare, na fara laɓewa a bakin ƙofarsa idan yana gwaji da yamma. Wata rana ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan Malam, ka shigo ko ka tafi, kana tare mani haske." Na shiga. Ya ɗora mani jitar a cinya, na ji kamar an ɗora mani ɗan akuya. Ya ce wace waƙa nake so in koya. Na ce wadda yake bugawa yanzu, mai dum-dum-dum ɗin nan. Ya yi dariya ya ce kowa ita yake zaɓa, don kowa yana ganin ita ce mai sauƙi.

Waƙar ita ce Another One Bites the Dust. A lokacin ban san komai a kanta ba. Daga baya ne na san cewa mai bes ɗin Queen, John Deacon, shi ya rubuta ta, ta fito a 1980 cikin faifansu mai suna The Game, kuma ta kai matsayi na ɗaya a Amurka. Deacon mutum ne mai shiru-shiru, ya karanta ilimin lantarki, kuma yana son kiɗan baƙaƙen Amurka. Duk wanda ya saurari Good Times ta ƙungiyar Chic, wadda ta fito a 1979 da bes ɗin Bernard Edwards, zai ji dangantakar da kunnensa. Wannan bugun na Edwards kuma shi ne aka ɗora Rapper's Delight a kai, waƙar da ta fitar da kiɗan rap duniya ta san shi, saboda haka samarinmu masu rap da Hausa su sani akwai gadonsu a nan. 'Yan Queen da kansu sun faɗa cewa Michael Jackson ne ya ba su shawara su fitar da waƙar ita kaɗai a kasuwa. Shi kuwa mai rera ta, Freddie Mercury, a Zanzibar aka haife shi a 1946. Baba Bes ya san wannan na ƙarshen, kuma yana alfahari da shi. Yakan ce, "Ai namu ne, ɗan Afirka ne."

A ido, abin ba wani abu ba ne. Za ka bugi tsirkiyar da ta fi kauri, ba tare da ka danna komai ba, sau uku. Sai ka yi shiru. Sai ka kawo wasu bugu shida a jere da ɗan sauri, inda a ciki za ka danna gaɓa ta uku, sannan ka ƙare a gaɓa ta biyar. Gaɓa nake ce wa ƙarafunan nan da aka gicciya a wuyan jita, don kamar gaɓar rake suke. Sai wasu ƙananan bugu biyu su gangaro da kai inda ka faro. Shi ke nan, haka za ka yi ta maimaitawa. A yammacin farko na haddace inda yatsu ke zuwa, na koma ɗakinmu ina jin ni ma na zama wani abu.

Washegari na buga masa, ya ce, "Wannan ba kiɗa ba ne, ƙudan zuma ne."

Matsalar ita ce tsirkiyar bes idan ka buge ta ba ta yin shiru da kanta. Za ta yi ta gurnani har bugu na biyu ya same ta, su cakuɗe, su zama wani dogon kuka mara kai. Shi kuwa wannan kiɗa, kowane bugu gajere ne, a yanke. Ka buga, ka kashe. Kashewar kuwa da hannun hagu ake yi, ka kwantar da yatsu a kan tsirkiyar ba tare da ka danna ta ba, kamar yadda uwa ke ɗora hannu a bayan jinjiri. Idan ka danna da ƙarfi sai wani sauti daban ya fito, idan ka yi sako-sako sai ta ci gaba da kuka. Na yi mako uku a kan bugu ukun farko kawai. Bai bar ni na wuce su ba. Yatsuna biyu na dama, manuniya da ta tsakiya, suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi, kafin su yi kanta. Ya hana ni fasa bororon da allura, ya ce in bar shi ya bushe da kansa.

Ga kuma wuta. Ita bes sai da lasifika, kuma duk wanda ya zauna a Nijeriya a waɗannan shekaru ya san wuta baƙuwa ce. A nan na ga wata dabara da har yau take ba ni mamaki. Idan babu wuta, sai Baba Bes ya jingina kan jitar da ƙofar kwabarsa ta katako, kwabar gaba ɗaya ta zama ganga, sautin ya cika ɗaki, har kwanukan matarsa su riƙa rawa a sama. Shi kuma saboda kunnensa, wani lokaci haɓarsa yake ɗorawa a jikin jitar ya ji ta cikin ƙashi. A gida ba ni da jita, sai na samo katako na buga ƙusa biyu na ɗaura wayar birkin babur, na zana gaɓoɓi da biro. Da na nuna masa ina jin kunya, ya ce kunyar me, kuntigin Ɗan Maraya Jos da ya zaga duniya da shi ai tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani.

Bayan na iya kashe sauti, sai ainihin wahalar ta fito. Kiɗan a kan ƙirge huɗu yake tafiya, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Bugu ukun nan su ne ɗaya da biyu da uku. A huɗu babu komai. Kai dai ka jira, sai dab da ƙarshen huɗun ka saci jiki ka shigo da bugu shidan. To ni jiran nan ne ya gagare ni. Da na kai wajen shirun sai in ji kamar na taka matakala babu ita, gabana ya faɗi, in yi wuf in shigo kafin lokaci. Baba Bes yana zaune yana buga tafin hannu a gwiwa, ba ya ko kallona, sai dai in ji ya ce, "Ka yi sauri." In sake. "Ka yi sauri." Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Baba, ai wajen babu komai, me zan buga?" Ya ce, "Shi ma buga shi ake yi. Kana tsammanin kyauta aka ba ka shi ka huta?"

Ban gane ba sai a tsakar gidanmu. Ranar wata Asabar Inna da wata maƙwabciyarmu suna daka gero, turmi ɗaya taɓarya biyu, suna lugude. Na sha gani tun ina goye, amma ranar ce na fara saurare. Inna ta daka, ta daka, ta daka, sai ta cilla taɓaryar sama, ta tafa, ta cafe, ta sauko da ita daidai inda ya kamata ba ƙari ba ragi. A lokacin da taɓaryar take sama turmin bai ji dukanta ba, amma jikinta bai daina ƙirge ba, kafaɗarta da ƙugunta suna nan cikin kiɗan. Na tsaya da buta a hannu kamar wani sakarai. Da yamma na je na buga, ina ganin taɓaryar Inna a sama duk lokacin da na iso huɗu. Na zagaya sau takwas ban fāɗi ba. Baba Bes bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Ya dai miƙa hannu ya danna rikoda, ya ce in bi kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe. Sai da muka ɗan ƙara ɗaure tsirkiya kafin ta dace, domin sautin da ke cikin faifan ya ɗan fi na jita tashi.

Duk wannan a ɓoye nake yi. Mahaifina tela ne, kuma almajiri, yana da karatunsa daidai gwargwado. Wani dare muna cin tuwo ya kama hannuna ya juya, ya ga kantar, ya ce wannan ba ta biro ba ce. Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya ajiye lomar da ya ɗauko ya ce, "Wato maroƙi za ka zama? A zuri'armu kaf babu makaɗi." Abin da ya ɗaure mani kai shi ne, wannan mutumin ba ya ɗinki sai da kaset ɗin Shata, kuma ranar da Shata ya rasu a watan Yuni na 1999 na ga ya rufe shago da wuri. Haka muke, mu Hausawa. Muna son kiɗa kamar rai, muna yi wa makaɗi kyautar riga da mota, amma ranar da ya zo neman auren 'yarmu sai mu tuna asalinsa. 'Yan fim ɗinmu sun san wannan ciwo fiye da kowa, ba sai na faɗa masu ba.

Kwana biyu ban leƙa ɗakin ƙarshe ba. A na uku, bayan sallar isha'i, sai ga Baba Bes ya yi sallama a ƙofarmu, ya sa doguwar riga, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma. Ina daga ciki ina jin su.

"Malam, na zo ba da haƙuri ne. Na koya wa ɗanka abu ban nemi izininka ba. Laifina ne, ba nasa ba."

"Ba komai, maƙwabci. Ni dai tsorona kulob da giya."

"Ni ma su nake tsoro, don na san su. Yaron nan gaggawa gare shi, komai yana so ya gama kafin ya fara. Abin da nake koya masa ke nan, ba rawa ba."

Mahaifina ya yi shiru, sannan ya yi 'yar dariya ya ce in dai maganin gaggawa ne, shi ma ya gwada da bulala bai ci nasara ba. Suka yi sharaɗi uku a gabana: ba kulob, ba kiɗa idan an kira salla, kuma in na faɗi jarrabawar fita sakandare an gama. Baba Bes ya riƙe sharaɗin fiye da ni. Da ya ji an kira magariba, ko da kunnensa ɗaya, zai zare wayar lasifika ya nuna mani ƙofa.

Daga nan na koyi wasu kiɗe-kiɗen, har da na hailaif da na rege, amma kullum da waccan muke buɗewa, kamar yadda ɗan kokawa ke fara zagaya fili.

Sai ranar Litinin, 21 ga Fabrairu, 2000. Ba zan ba da labarin rikicin Kaduna a nan ba, waɗanda suka gani ba sa son a tuna masu, waɗanda ba su gani ba kuma Allah kada ya nuna masu. Abin da zan faɗa shi ne, a ɗakin ƙarshe muka kwana, mu bakwai, matar Baba Bes ta rufe Inna da ƙannena mata da zannuwanta, shi kuma ya kwana zaune a bakin ƙofar gida a kan benci. Na ji muryoyi a waje, na ji tasa muryar, wadda ban taɓa jin ya ɗaga ba sai ranar. Jitar tana jingine a kusurwa, ina ganin ƙyallin tsirkiyoyinta cikin duhu. Da aka samu sarari jami'an tsaro suka kwashe mu, daga baya muka kama haya a Tudun Wada, arewacin kogi. Irin wannan ƙaura dubban mutane suka yi, wasu suka haye arewa, wasu suka gangara kudu, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Rikicin watan Nuwamba na 2002 ya ƙara tabbatar da rabuwar. A wannan shekarar KTL ta rufe, zuwa 2007 UNTL ma ta bi. Jiniya ta daina kuka a Kakuri.

Ni kuma guguwar fim ta ɗebe ni zuwa Kano. Lokacin ne bayan fitowar Sangaya, kowane furodusa yana neman waƙa biyar a fim ɗinsa, ɗakunan ɗaukar waƙa suna ta buɗewa. Na shiga wani daga cikinsu ina taƙama na iya bes. Mai wurin ya dube ni ya nuna mani fiyano ƙirar Yamaha ya ce ga bes nan a ciki. Da gaskiyarsa. Ka zaɓi salon kiɗa, ka danna da hannun hagu, ganga da bes su taho tare, ba gajiya, ba kuskure, ba kuɗin ɗan amshi. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu sosai a kan yadda wannan na'ura ta sauya kiɗan Hausa, kuma ni na gani da idona. Ba na cikin masu zagin fiyano, ta ciyar da ni shekara huɗu, kuma an yi waƙoƙi da ita waɗanda har gobe idan na ji sai tsigar jikina ta tashi. Abin da na lura da shi kawai, muna tsoron shiru. Duk wani ɗan gurbi da ya bayyana a waƙa sai mun cusa sarewa ko ƙararrawa ko tafi. Sau ɗaya na gwada cire komai na bar bes da ganga kawai a tsakiyar wata waƙar soyayya, har na bar ƙirge guda babu kowa. Furodusan ya saurara ya ce, "Kai, kaset ɗin nan ya lalace ne? Cika mani wajen nan, kuɗi na biya." Na cika masa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Sai a 2009 na sake taka Makera. Tsakanin Tudun Wada da can bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba in babu cunkoso, amma shekara tara ta ɗauke ni. Ba wanda ya hana ni. Kullum ina cewa sai an kwana biyu, kuma can ƙasan raina akwai kunya, don mun tafi ko sallama ta kirki ba mu yi ba, mahaifina kuma ya rasu bai koma ya yi godiya ba, abin da ya yi ta ambata a ciwonsa na ƙarshe. Saƙonsa na kai.

Na samu gidan, an yi masa sabon fenti, fuskokin duk baƙi. Baba Bes yana nan a ɗakin ƙarshe. Ya tsufa, kunne na biyun ma ya fara tafiya, masaƙarsu ta rufe ba a biya su haƙƙinsu ba, yana gadin wani shago da dare. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kama hannuna na dama ya shafa kan yatsun, ya ce, "Ka bari." Na ce na bari, Baba. Na isar da saƙon mahaifina da ƙarfi a kunnensa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ai da shi ne a wurina, haka zai yi."

Na duba kusurwa, babu jita. Ya sayar da lasifikar da farko, sannan faifan, sannan ita kanta, shekarar da 'yarsa ta shiga makarantar koyon jinya. Amma ya aiki jikansa ya aro ta coci. Babu wuta, kwabar dai tana nan, na jingina. Na ce mu buɗe da wadda muka saba. Ya ce in buga shi zai saurara, shi ya daina buga wannan tun waccan shekarar. Sai a lokacin na tsaya na yi tunani a kan sunan waƙar, wanda na sha faɗa ban taɓa auna shi ba. Ma'anarsa a Turancin titi, wani ma ya faɗi matacce. Ya ce da can wasa ne, ana rawa ana dariya, yanzu kuwa idan ya buga fuskoki yake gani. Na ce to mu bar ta. Ya ce a'a, hannuna ai ba nasa ba ne, in buga.

Abin mamaki, daga baya na karanta cewa masu koyar da taimakon gaggawa suna amfani da waƙar nan wajen koya wa mutane danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, domin saurinta kusan bugu 110 ne a minti, su kuma tsakanin 100 da 120 suke bukata. Na so a ce na san wannan a ranar, da na gaya masa.

Na buga. Yatsun sun yi laushi, tsirkiyar tana cizo. Ya matso ya ɗora tafin hannunsa a jikin kwabar, ya rufe ido, ɗaya hannun yana bugun gwiwa. Na zagaya sau biyu, sau uku, ina jin daɗin kaina. Ya buɗe ido.

"Ka yi sauri."

Ya rasu a 2013. Jikansa ne ya kira ni, na je jana'iza, na tsaya daga baya.

Bayan daren fim ɗin nan da mako biyu na sayi bes ta hannu, ja, mai tabo a gefe. Ban sayi lasifika ba, don gidan haya nake kuma maƙwabtana ba su yi mani laifin komai ba. Idan yara sun yi barci sai in jingina ta da kwabar maiɗakina in yi kamar rabin awa. Kantar ta dawo. 'Yata ta fari, mai shekara goma sha ɗaya a lokacin, ta fara laɓewa a bakin ƙofa, har wata rana ta ce ita ma za ta gwada, ai mai sauƙi ce. A yamma ɗaya ta haddace inda yatsu ke zuwa. Da muka iso huɗu ta yi wuf ta shigo. A gidanmu injin niƙa ake kai gero, ba ta taɓa ganin lugude ba, don haka da hutu ya zo na kai ta Tudun Wada wajen Inna, na roƙi tsohuwa ta fito da turmi. Inna ta ce kafaɗarta ba ta cilla taɓarya yanzu, amma ta aika a kira mata 'yan mata biyu daga maƙwabta.